Wa Ke Biyan Kuɗin Yanke?

Kakanninmu sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Mun haddace karin maganar, amma wayar da ke aljihunmu kullum akasinta take koya mana. Da mun rubuta sunan inda za mu, sai ta zana mana shuɗin layi, ta ce ga hanyar da ta fi sauri, za ku rage minti huɗu. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajojin kwamfuta, mu ne masu ƙera wannan alkawari. Ana biyanmu ne don mu gajarce wa mutane hanya: a rage layin banki, a rage cike takardu, a rage jira. Yawancin aikin alheri ne, kuma babu mai son a koma zamanin da ake wuni a layi don biyan kuɗin wuta. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai take shiga ɗakin taronmu ba. Idan mutum ya bar hanyar da aka shata ya yi yanke, ya kuma ci riba, shin ribar daga sama ta faɗo, ko akwai wanda aka zare wa daga aljihu bai sani ba?

A cikin gari tambayar takan ɓace cikin hayaniya. A kan dutse kuwa tana fitowa sarari, domin turba ɗaya ce siririya, kuma duk wanda ya bar ta sawunsa yakan nuna. Saboda haka za mu kai ta wani gandun daji a jihar Maine, can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, inda hanyoyin ƙafa suke hawa wani dutse mai suna Katahdin.

Dutsen da tsohon gwamna ya saya

Katahdin shi ne dutse mafi tsawo a Maine, mita 1,606. Sunan daga harshen Penobscot ya fito, mutanen da suka riga Turawa zama a wannan ƙasa, kuma ma'anarsa babban dutse. A farkon ƙarni na 20 dutsen da dazukan da ke kewaye da shi suna hannun kamfanonin katako da na takarda. Percival Baxter, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1921 zuwa 1925, ya yi ta roƙon majalisar dokoki ta saya wa jama'a wurin, ta ƙi. Bayan ya bar mulki sai ya sa hannu a aljihunsa. A 1930 ya sayi kusan eka 6,000 da suka haɗa da ƙololuwar dutsen, a 1931 ya miƙa wa jihar. Haka ya ci gaba, yanki bayan yanki, har zuwa 1962, lokacin da abin da ya bayar ya haura eka 200,000. Ya kuma bar asusu na kusan dala miliyan 7 domin kula da wurin, don kada ya dogara da kasafin kuɗin gwamnati. Ya rasu a 1969, gandun kuma yana ɗauke da sunansa.

Kalmar da ta fi kusa da wannan kyauta a wajenmu ita ce wakafi, domin da sharaɗi aka bayar da ita: a bar wurin daji kamar yadda yake har abada, mafaka ga namun daji da tsuntsaye. Shi ya sa har yau babu kwalta a hanyoyin motar cikinsa, babu wutar lantarki, babu ruwan famfo. Ba a shiga da kare ko kyanwa. Babu kwandon shara, duk abin da mutum ya shigo da shi zai fita da abinsa. Wuraren ajiye mota a bakin hanyoyin hawa Katahdin ƙidayayyu ne, idan sun cika sai wata rana. Ayarin masu tafiya ba ya wuce mutum 12. Ba a hawa da yaron da bai kai shekara 6 ba zuwa inda bishiyoyi suka ƙare. Dole kowa ya riƙe tocila, kuma a bakin kowace turba akwai rajista da ake rubuta suna da lokacin tashi.

Mai son sakewa zai iya jin wannan jeri ya ce ai wurin ya fi kama da barikin soja. Bari mu bi turba ɗaya tukuna kafin mu yanke hukunci.

Daga gindin dutse zuwa inda bishiya ta ƙare

Gandun yana da hanyoyin ƙafa da tsawonsu ya haura kilomita 300. Wadda ta fi suna ita ce Hunt, domin ita ce zangon ƙarshe na doguwar turbar Appalachian, mai kimanin kilomita 3,500, wadda ta taso daga jihar Jojiya ta ratsa jihohi 14. Hunt kanta ba ta fi kilomita 8 da ɗoriya ba, amma a cikin wannan tazara mutum zai hau sama da mita 1,200. Hukumar gandun tana gaya wa masu hawa su ware awa 8 zuwa 12 don zuwa da dawowa.

Farkon tafiyar cikin daji ne, gefen rafi, ƙarƙashin inuwa. Abin da ke nuna hanya shi ne ɗan zanen fenti a jikin bishiya ko dutse, fari a turbar Appalachian, shuɗi a sauran. Kowane zane hannun mutum ne ya yi shi, wani ya zo nan da gwangwanin fenti ya tsaya ya yi tunanin inda idon baƙo zai faɗa. Can sama bishiyoyi sukan gajarce, su durƙusa saboda iska, sannan su ƙare gaba ɗaya. Daga nan sai manyan duwatsu da ake hawa da hannu da ƙafa, a wasu wuraren ma an kafa ƙarafa don a riƙa. Bayan wannan wahala sai ƙasa ta buɗe ba zato: wani shimfiɗaɗɗen fili a saman dutsen, da ake kira Tableland.

A nan jarrabawar take. Filin a buɗe yake, babu rami, babu ƙaya, ido yana ganin nesa. Babu abin da zai hana ƙafa ta bi duk inda ta ga dama, sai tulin duwatsu da aka jera da wata siririyar igiya da aka ja a gefen turba a wasu wurare, wadda ko ɗan yaye zai iya tsallake ta. Abin da igiyar take karewa bai kai idon sawu tsawo ba. Tsirrai ne irin na yankunan arewacin duniya masu tsananin sanyi, waɗanda suka rage a nan tun bayan janyewar ƙanƙarar da ta rufe wannan ƙasa fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Akwai wata ciyawa dangin aya, akwai wani tsiro da ke dunƙulewa kamar matashi don ya tsira daga iska, wanda mai faɗin faifai a cikinsa yana iya yin shekaru gommai kafin ya kai haka. Lokacin girmansu a shekara 'yan makonni ne. Iskar hunturu ba ta kashe su, amma takalmi yana kashewa. A cikin ciyawar nan kuma wani nau'in malam-buɗe-littafi yake rayuwa, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a saman Katahdin, kuma jihar ta sa shi cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu.

Wanda ya tsallake igiyar don ya ɗauki hoto zai ce taku ɗaya ba ya kashe komai, kuma gaskiya ya faɗa. Na biyu ma gaskiya ya faɗa, haka na ɗari. Babu takun da za a nuna a ce shi ne ya yi kisan, amma a ƙarshen shekara ga tsakuwa tsirara inda da akwai kore. Da yayyafi kogi ke cika, ɓarna ma haka take taruwa. Wannan ita ce wahalar farko ta tambayarmu: akwai laifin da idan aka raba shi tsakanin mutum dubu, kason kowa yakan yi ƙanƙanta har ya daina jin nauyinsa, alhali jimillar ba ta ragu da komai ba.

Abin da lissafi bai ƙirga ba

Duk wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta ya haɗu da Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan da ya gano dabarar nemo hanya mafi gajarta a 1956, ya buga ta a 1959. Jikokin dabararsa ne suke aiki a taswirar wayoyinmu. Tsarin mai sauƙi ne. Ana mayar da garuruwa ɗige-ɗige, hanyoyi kuma layuka, sannan a ba kowane layi lamba, wato farashin bin sa: kilomita, ko mintoci, ko man fetur. Sai kwamfuta ta yi ta tarawa tana kwatantawa har ta fito da hanyar da jimillarta ta fi ƙanƙanta. Ba ta kuskure a kan lambobin da aka ba ta. Amma duk abin da ba a ba shi lamba ba, a wajenta kyauta ne. Idan ba a gaya mata cewa lungun nan yara suna wasa a ciki ba, za ta tura motoci ɗari su bi ta nan, kuma lissafinta daidai ne.

Gajiyayyen mutum a kan dutse irin wannan lissafi yake yi a ransa. Yana ƙirga nisa, yana ƙirga ciwon gwiwa, yana ƙirga ranar da ke shirin faɗuwa. Sauran abubuwa ba su cikin jadawalinsa.

Mu ɗauki kwana-kwanar da turba take yi a gangare. Mai saukowa yana ganin hanyar ta tafi dama ta dawo hagu, alhali ga inda za ta ɓulla nan ƙasa da shi, taku ashirin. Me ya hana a miƙe? Amsar tana wajen ruwan sama. Ruwa yana bin duk inda ƙafa ta murje ciyawa, kuma gwargwadon miƙewar gangare gwargwadon gudunsa. Turbar da ta miƙe tsaye takan zama magudana, ƙasar saman dutse kuma ba ta da kauri, damina kaɗan sun isa su kwashe ta. Idan wurin ya zama kwazazzabo mai santsi, masu tafiya sai su koma gefensa, gefen ma ya zaizaye, hanyar mutum ɗaya ta zama faɗin titi. Wanda ya ga yadda zaizayar ƙasa take cin bayan gari daga 'yar hanyar da ba a ɗauka komai ba, ya san labarin. Kwanar da ke ba mai tafiya haushi ita ce ke karya gudun ruwan. Idan aka lalata ta, ma'aikata da 'yan sa-kai ne za su zo su yi makonni suna jan duwatsu da igiya da ƙarfen banƙara, suna gina matakala, a wurin da babu motar da ke isa. Minti biyun da mai yanke ya rage, daga kwanakin waɗannan mutane aka ciro su.

Mu masu manhaja muna da hannu a nan fiye da yadda muke zato. Yau masu yawon duwatsu da yawa suna naɗar sawunsu da waya, su ɗora a intanet. Idan mutum ɗaya ya ratse, ratsen nasa yana iya zama layi a taswirar na bayansa. Na bayan ya ga layi ya amince, ya bi, ƙafarsa ta ƙara fito da hanyar a ƙasa, wadda ta fito a ƙasa kuma ta ƙara tabbatar da ta taswira. A da kuskuren mutum ɗaya ciyawa takan rufe shi kafin wata shekara. Yanzu muna da na'urar da ke adana shi ta raba wa duniya.

Oktoban 1963

Daga ƙololuwar Katahdin akwai turbar da ta nufi gabas zuwa wani tsauni mai suna Pamola. Sunanta Knife Edge, wato Kaifin Wuƙa. Tsawonta bai kai kilomita 2 ba, amma a wasu wurare faɗinta bai fi mita ɗaya ba, hagu rami, dama rami. Daga kanta ana hango wani tafki, Chimney Pond, can ƙasa cikin kwarin da ƙanƙara ta ƙwaƙule, inda sansani da ɗakin jami'in gandun daji suke. Ga mai kallo daga sama tafkin kamar a miƙa hannu a taɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: tsakaninsu akwai bangon dutse na ɗaruruwan mitoci, wanda daga sama ba a ganin inda yake yankewa.

A ƙarshen Oktoban 1963 wasu mata biyu suna kan wannan turba da yamma. Ɗaya ta yanke shawarar sauka kai tsaye zuwa tafkin, ɗayar ta ci gaba da bin hanya har ta isa sansani. Wadda ta yi yanke ta maƙale a wani ɗan tudu a jikin bangon, ba gaba ba baya. Jami'in da ke wurin, Ralph Heath, ya hau cikin dare, ya ji muryarta amma bai iya kai wa gare ta ba. Ya sauko ya ɗauki kayan aiki ya sake hawa. Guguwar dusar ƙanƙara ta rufe dutsen. Ba a ga gawarwakinsu ba sai da ƙanƙara ta narke a shekarar da ta biyo.

Ba mu kawo labarin don mu ɗora wa baiwar Allah laifi ba. Ta yi lissafin da kowannenmu yake yi, da bayanin da idonta ya ba ta, kuma ta biya da ranta. Abin lura shi ne farashin da bai shiga lissafin ba: cewa a ƙasa akwai mutumin da ba zai iya jin murya tana kira a jikin dutse ya koma ya kwanta ba. Shekaru 24 kafin nan, a 1939, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Donn Fendler ya ɓace cikin hazo kusa da ƙololuwar, ɗaruruwan mutane suka bar ayyukansu suka shiga daji nemansa, sai bayan kwana tara ya ɓulla da ransa, bayan ya bi rafi da wata tsohuwar wayar tarho. Babu wanda ya aika wa iyayensa takardar bashi. Masu ceto ba sa tambayar ko laifin wa ne kafin su ɗaura takalmi.

Wannan kirki nasu shi ne ke ƙara wa yanke nauyi. Mukan ce rayuwata ce, ni na san kasadar da na ɗauka. Maganar za ta tsaya da ƙafafunta ne kawai a duniyar da babu mai zuwa nemanmu. Tun da muna zaune cikin mutanen da za su zo, to duk kasadar da muka ɗauka mun ɗauke ta ne da sunansu su ma, ba tare da mun shawarce su ba.

Masu ja da magana

Akwai ƙorafi uku da ya kamata a saurara, kuma babu na banza a cikinsu.

Na farko yana cewa kowace turba ai ratse ce a ranar da aka fara bin ta. Charles Turner da ayarinsa, waɗanda hawansu na 1804 shi ne na farko da aka rubuta, ba fenti suka bi ba. Marubuci Henry David Thoreau da ya hau a 1846, gajimare ya hana shi kaiwa ƙololuwa, shi ma ta cikin ƙurmi da rafi ya kutsa. In da kowa ya tsaya a kan shatacciyar hanya, da ba a gano komai ba. Wannan gaskiya ne, kuma hanyoyin gandun ma ba saukakku ba ne daga sama. Turbar Abol, wadda ta daɗe tana bin wata zaftarewar duwatsu a miƙe, an rufe ta a 2014 da aka ga duwatsun suna motsi, aka sake shata wani sashe nata da kwana-kwana, aka buɗe a 2016. Hanya tana canzawa ke nan. Bambancin yana wajen wanda ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. Mai buɗe hanya yana auna gangare, yana tunanin ruwa, yana sa alama, yana dawowa gyara. Mai yanke yana wucewa sau ɗaya ya bar wa wasu sauran. A sana'armu mun san su duka biyun. Akwai wanda zai ga tsarin manhaja ya tsufa, ya kawo sabon tsari, ya bari abokan aiki su duba, ya rubuta bayani. Akwai kuma wanda zai yi ɗan faci cikin dare don aikinsa ya wuce, ya bar wa wanda zai gaje shi ciwon kai. Har suna muka ba abin, bashin fasaha, domin mun san wani ne zai biya, da ruwa a kai.

Na biyu yana cewa dokokin sun yi tsauri, har sukan kai ga ƙanƙantar da abin da ya kamata a yi murna da shi. A Yulin 2015 ɗan tsere Scott Jurek ya kammala turbar Appalachian gaba ɗaya cikin kwana 46 da 'yan sa'o'i, abin da ba a taɓa yi ba a lokacin. A ƙololuwar Katahdin ya buɗe kwalbar giya ya yi shagali da jama'arsa, jami'an gandun suka ba shi takardun tuhuma uku. An janye biyu, ya biya tarar dala 500 a kan shan giya a bainar jama'a. Mutane da yawa sun ga kamar hukumar ta yi ƙyashi. Mai yiwuwa a yadda aka tafiyar da lamarin akwai zafin kai. Amma a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta fi kwalba girma: shin bajinta tana saya wa mutum izinin da ba a ba kowa ba? Idan dokar mutum 12 tana lanƙwasawa ga wanda kyamara ke bi, to ta zama dokar talakawa kawai. Ƙayyade masu shiga ma yana da nasa zalunci, domin wanda ke da intanet da mota da hutun aiki shi ya fi samun gurbi. Maganin wannan shi ne a gyara yadda ake rabon gurbin. Cire iyakar gaba ɗaya zai ba kowa damar zuwa ya ga abin da zuwan kowa ya riga ya share.

Na uku ya fi sauran nauyi. Wa ya ba Baxter abin da ya bayar? Kafin kamfanonin katako, ƙasar ta Penobscot ce da 'yan uwansu. A wajensu Katahdin wuri ne mai tsarki, mazaunin Pamola, wanda tsaunin gabas yake ɗauke da sunansa, kuma bisa al'ada ba wurin da ake hawa don nishaɗi ba ne. Lokacin da ake miƙa dutsen ga al'ummar Maine a 1931, 'yan asalin ƙasar da ke zaune a keɓaɓɓun yankunansu ba su da ƙuri'a, ba su kuma samu ta zaɓen jiha ba sai 1967. Ashe ita kanta kyautar tana tsaye ne a kan wani tsohon yanke, wanda aka yi ta kan mutane. Wannan bai soke alherin Baxter ba, domin ba don shi ba da wataƙila zarto ya gama da wurin. Amma yana tuna mana cewa har mai kyakkyawar niyya jadawalinsa yana iya rasa layi guda. Penobscot suna nan, kuma duk shekara wasunsu sukan yi tafiyar mil 100 da ƙafa da kwalekwale daga tsibirinsu da ke kogin Penobscot zuwa gindin dutsen. Wanda ke bin fenti a Katahdin baƙo ne sau biyu, baƙon ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, baƙon mutanen da suka raɗa wa dutsen suna.

Sifili da gurbin da ba a cike ba

Cikin darussan farko da mai koyon rubuta manhaja yake shan wuya a kansu akwai bambanci tsakanin sifili da gurbin da ba a cike ba. Sifili yana nufin an duba an ga babu. Gurbi kuwa yana nufin ba a duba ba. Manhajar da ta ɗauki na biyu a matsayin na farko za ta yi aiki lafiya na tsawon lokaci, sannan wata rana ta ba da amsar da za ta cuci wani. Yawancin yanken da muke yi a rayuwa irin wannan kuskure ne. Mai tsallake layi a asibiti, mai bin hannun da ba nasa ba don go-sulo ya yi yawa, manomin da ya ƙara kunya ɗaya cikin burtali, injiniyan da ya tsallake gwaji don a saki manhaja ranar Juma'a, kowannensu ya duba gurbin da aka rubuta wa zai cutu, ya ga babu komai a ciki, ya karanta shi sifili.

Ba kowane yanke ne laifi ba. Wanda ya gano hanyar da ta fi sauƙi ga kowa, ya kuma tsaya ya gyara ta, ya yi sadaka mai gudana. Abin da muke nema ƙarami ne: kafin a bar turba, a ambaci wanda zai biya. Idan an duba da gaske an ga mai tafiyar ne kaɗai, to ga fili ga mai doki. Idan sunan da ya fito na wani ne, mai gyaran hanya, ko jami'in da zai fito cikin dare, ko wata halitta da ba ta da bakin kai ƙara, ko yaron da za a haifa bayan shekara talatin, to a san cewa rance ake ci, kuma mai dukiyar bai sa hannu ba. Idan kuwa an rasa sunan kowa, kada a yi saurin murna. Sau da yawa hakan yana nufin ba a duba da kyau ba ne.

Mu da muke zana wa miliyoyin mutane shuɗin layi, wannan nauyi ya fi hawa kanmu, domin zaɓin da muka sa a matsayin na farko shi yawancin mutane za su bi ba tare da tambaya ba. Za mu iya koya wa taswira ta bambanta turbar da hukuma ke kula da ita da sawun wanda ya ɓata. Za mu iya sa farashi a kan lungun da yara ke wasa. Lambobin da kwamfuta take tarawa mu ne muke ba ta su.

Rajistar nan ta bakin turba tana da gurbi biyu na lokaci, na tashi da na dawowa. Na farko kowa yana cikewa da ɗoki. Na biyu shi ake mantawa, bayan awa goma a kan dutse, ƙafa ta kumbura, mota tana jira taku kaɗan. Cike shi ba ya ƙara wa mai tafiya komai, tunda ya riga ya sauko lafiya. Amfaninsa na wani ne: jami'in da zai zo da yamma ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko akwai wanda dutse bai dawo da shi ba, ya yanke shawarar ko zai cire takalmi ko zai ɗauki tocila.